NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: UWAR 'YA'YA MAI ALƘALAMI

Cikin mutanen da ƙasar Sakkwato ta ke alfahari da su, ba a ƙidaya huɗu ko biyar ba a ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Sunanta yana bisa ƙofofin makarantu, yara suna haddace shi, amma kaɗan ne cikinmu suka san yadda ta yi zamanta na duniya. Galibi abin da a kan faɗa shi ne ta yi waƙoƙi, ta kuma koyar da mata. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, dukan wannan aiki ta yi shi tana matar aure, da 'ya'ya a gabanta, da baƙi a zaure, da mabukata a ƙofar gida. To, wannan gefe na tarihinta mu ke so mu bayyana wa masu karatu yau, musamman malaman makaranta da ma'aikatan hukuma na ƙasar Tambuwal da Kebbe, domin mu da aikinmu ya shafi makarantu mu kan sha jin iyaye suna cewa karatun 'ya mace wahalar banza ce, tun da ƙarshensa ɗakin miji da raino.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekara ta 1793. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sunan tagwaye za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, watau wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifinta abinci sa'ad da su ke ɓoye cikin kogo a farkon hijira. Ashe tun ran suna an haɗa ta da mace mai ɗawainiya da jama'a, sunan kuwa ya bi ta.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu ta bar ta tana ƙarama ƙwarai. Sauran matan Shehu suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan riƙo shi ne tushen shaƙuwar da ke tsakaninta da wanta Bello, wadda ba ta yanke ba har mutuwa ta raba su. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa: yarinyar da za ta zama uwa ga mata masu yawa, a hannun waɗanda ba su haife ta ba ta tashi. Tun tana ƙarama ta san raino sana'a ce ta jama'a, wadda mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarta shi kaɗai.

Ɗegel mazaunin malamai ne da almajirai. Shehu yana karantar da maza, yana kuma barin mata su zo su ji wa'azi, har wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi a kan haka, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya mayar masa da amsa cikin waƙar Larabci. A littafinsa Nurul Albabi kuwa Shehu ya yi kakkausar magana a kan malaman da su ke tara almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Ba a baki kaɗai ya tsaya ba, gama 'ya'yansa mata irin su Hadiza da Asma'u da Maryamu duk sun zama malamai. A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Fillanci ne harshen gidansu, amma ta ƙware a Larabci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

SHEKARUN HIJIRA

Tana da shekara 11 ko kusa da haka zaman Ɗegel ya ƙare. Cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu, aka ɗora littattafai bisa raƙuma, mata suka ɗauki 'ya'ya da tarkacen gida. Cikin watan Yuni aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, jama'a suka sami nasara. Kafin shekara ta ƙare aka yi na Tsuntsuwa, inda aka yi hasarar malamai da mahaddata masu yawa. Daga nan aka zauna a Sabon Gari cikin Zamfara, sa'an nan aka koma Gwandu a 1805, inda bayan yaƙin Alwasa abokan gaba suka biyo jama'a har bakin gari.

Masu rubuta tarihi su kan ƙidaya yaƙe-yaƙe da sunayen jarumawa. Amma kowa ya san inda aka yi shekara huɗu ana yawo da yunwa da cuta, akwai waɗanda su ke nemo ruwa, su daka ɗan abin da aka samu, su yi jiyyar masu rauni, su lallashi marayu. Cikin waɗannan mata Asma'u ta girma, da idonta kuma ta ga aikinsu. Shi ya sa da ta ɗauki alƙalami daga baya ba ta manta da su ba.

Wajen shekara ta 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, shi ma malami ne mai rubutu. Alkalawa ta faɗi a 1808, Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu kuwa ya zauna a Sifawa har 1815 kafin ya komo Sakkwato, inda ya rasu cikin watan Afrilu na 1817. A wannan shekara kuma ɗan'uwan tagwaicinta Hassan ya rasu. Aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ke nan tana da shekara 24 ta zama marainiya gaba da baya, ta kuma zama matar babban ma'aikacin daula.

GIDAN WAZIRI

Gidan Waziri a wancan zamani kamar ofishin daula ya ke. Nan manzannin sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau, su ke sauka. Nan a ke rubuta wasiƙu, nan a ke saukar da baƙi daga ƙasashe masu nisa. Kowane baƙo kuwa sai ya ci ya sha, abincin nan kuma daga cikin gida ya ke fitowa. A cikin wannan hada-hada Asma'u ta haifi 'ya'yanta maza ta rene su, cikinsu akwai Abdulƙadir wanda ya gaji ubansa a wazirci, da Ahmadu wanda Waziri Junaidu ya fito daga tsatsonsa.

Ba ta tsira daga baƙin cikin da iyaye mata su kan gani ba. Baturen nan matafiyi ɗan Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya zauna a hannun Giɗaɗo, ya rubuta cikin labarin tafiyarsa cewa yana nan wani ɗan Waziri abin ƙaunarsa, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa, ya rasu da ciwon agana bayan har an ɗauka ya sami sauƙi. Duk uwar da ta taɓa kwana zaune a kan ɗa mai zazzaɓi ta san nauyin wannan labari.

Duk da haka, a shekara ta 1820, tana da shekara 27, ta gama littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci, a kan halayen da su ke kai mutum ga tsira da waɗanda su ke kai shi ga halaka, da bin sunna. Ita ce kuma ta tsaya a kan tattara littattafan Shehu da tsara su bayan rasuwarsa, aiki mai cin rai a zamanin da kowane littafi da hannu a ke kwafe shi, ga gara, ga gobara, ga ruwan sama.

A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya, don kada a ɗora wa matan yau nauyin da ba nasu ba. Asma'u ba ita kaɗai ta ke daka da tuƙa tuwo ba. Gidan babba ne, akwai 'yan'uwa da barori, akwai kuma bayi kamar yadda a ke da su a manyan gidajen wancan zamani. Mijinta ya san darajar abin da ta ke yi, wanta Sarkin Musulmi kuwa yana neman taimakonta a sha'anin rubutu. Watau an rage mata wani nauyi, ta sami sararin zama da takarda. Hazaƙa tata ce, amma lokacin da hazaƙar ta yi aiki cikinsa, mutanen gidanta ne suka ba ta shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RUBUTU DON MASU AIKI A HANNU

Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai guda 60 ko fiye, cikin Larabci da Fillanci da Hausa. In mutum ya dube su da kyau zai ga ta san wanda ta ke yi wa kowane ɗaya. Larabci na malamai ne. Fillanci na dangi ne da almajiran gida. Hausa kuwa ta talakawa ce, musamman matan ƙauye da ɗimbin matan da yaƙe-yaƙe suka kawo cikin gidajen Musulmi, waɗanda yawancinsu da bori suka saba, a gare shi kuma su ke neman magani in ciki ya zo da wahala ko yaro ya yi ciwo.

Irin waɗannan mata ba su da lokacin zama gaban allo. Hannunsu na kan taɓarya, ko dutsen niƙa, ko mazari, amma bakinsu da kunnensu ba su da aiki. Saboda haka Asma'u ta zuba karatu cikin waƙa, yadda mace za ta iya rera shi tana kaɗi, ɗiyarta na gefe tana ji. Misali, ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal, da fari da Fillanci, daga baya aka sami ta Hausa. Ta juya waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa daga Fillanci zuwa Hausa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa a kan haƙƙin juna. Ta yi Goɗaben Gaskiya a kan hanyar tsira. Ta yi waƙar tarihin Shehu da hijira da yaƙe-yaƙe, wadda ƙanenta Isa, autan Shehu, da aka fi sani da Isan Kware, ya mayar Hausa, ita ce a ke kira Waƙar Gewaye. Shekarar da ruwa ya yi wuya kuma ta yi waƙar Roƙon Ruwa.

Biyu cikin ayyukanta sun fi kusa da zancenmu. Na farko Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Bello ne ya rubuta littafin nasiha da Larabci a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi shi da Fillanci da Hausa wajen 1836 zuwa 1837, ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani da idonta. Da haka matar ƙauye ta ji cewa layin nan na mata masu daraja bai tsaya a Makka da Basra ba, ya iso har ƙasarta.

Na biyu shi ne Tabshirul Ikhwani, na 1839, da Larabci, inda ta tattara abin da aka ruwaito na fa'idodin surori. Cikin buƙatun da ta kawo akwai na mai ciki, da na mai naƙuda, da yaye, da ciwace-ciwacen da su kan addabi gida. Ba muna cewa wannan ya maye gurbin asibiti ba, gama yau Allah Ya hore mana likitoci da ungozomomi masu horo, wajibi ne kuma a je gare su. Abin lura shi ne, malama mai wannan matsayi ta ɗauki tsoron mai naƙuda a kan abin da ya isa a rubuta littafi dominsa.

'YAN TARU

Waƙa ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami mai kai ta. Wajen ƙarshen zamanin Bello zuwa bayan rasuwarsa a Wurno cikin 1837, Asma'u ta kafa tsarin da a ke kira 'Yan Taru. A kowane gari ko ƙauye a kan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta Jaji. Wannan kalma ta fatake ce, ta mai jan gaban ayari. Asma'u ta kan ba Jaji malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfar nan kuwa a dā alama ce ta Innar Gobir, shugabar mata da 'yan bori. Ba ta jefar da alamar da mata suka sani su ke girmamawa ba, sai ta ɗauke ta ta ba ta sabuwar ma'ana.

In kaka ta yi, an gama aikin gona, Jaji ta kan tattaro mata su kamo hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Waɗanda a ke tafiya da su iri biyu ne: 'yan mata waɗanda ba a aurar ba tukuna, da manyan mata waɗanda suka gama haihuwa. Su kan zo da sadaka gwargwadon hali, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, ita kuwa ta raba wa makafi da guragu da sauran mabukata. Su kan yi kwanaki suna koyon waƙoƙi da ma'anarsu, da alwala da salla, da hukuncin da ya shafi mata, su kawo matsalolinsu a warware musu.

To, ina matan da ke tsakiya, masu ciki da masu goyo, waɗanda ba su iya barin gida? A nan hikimar tsarin ta ke. Asma'u ba ta ce su zaɓi ɗaya tsakanin 'ya'yansu da karatu ba, ba ta kuwa ce su jira sai sun tsufa ba. Jaji da 'yan rakiyarta su ne su ke komawa su shiga gida gida, su zauna da mai jego a ɗakinta, su koya mata abin da suka koyo. Yarinyar da ta je da ƙuruciya ta shiga ɗakin miji da guzurinta, in ta gama haihuwa kuma ta sāke kama hanya, wata rana ma ita ce Jaji. Watau an auna makarantar bisa tsawon rayuwar mace, aka yanka ta daidai jikinta. Ba gini, ba albashi, amma tsarin ya rayu fiye da shekara 100.

WAƊANDA TA YI WA MARSIYYA

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da mutum ya ke girmamawa ita ce a dubi wanda ya yaba, da abin da ya yabe shi a kai. Asma'u ta yi marsiyya ga manyan daula: baffanta Abdullahi na Gwandu, da wanta Bello, da mijinta Giɗaɗo wanda ya rasu a 1851. Mutanen Tambuwal kuma su sani ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya rasu wajen 1840. Buhari malami ne, mawaƙi da Larabci, jarumi kuma, shi ne ya riƙe ribaɗin Tambuwal yana tsaron wannan kusurwa ta kudu maso yamma. Zuriyarsa ce ke Tambuwal da Dogon Daji, daga cikinta kuma Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ya fito, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996. Saboda haka in an ambaci Asma'u a ƙasar Tambuwal, gwaggon gida a ke ambata.

Amma ba a kan manya ta tsaya ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima marsiyya da Hausa, mace wadda ba ta da sarauta, ta yabe ta a kan kirki da haƙuri da kyautata wa dangi da maƙwabta. Ta yi wa Zaharatu, wadda a ke kira in mace na naƙuda, a ke kuma kira in za a yi wa mace wankan gawa, ba ta kuwa ƙin zuwa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin Jajinta, wadda ta yi shekaru tana jawo ayarin mata. Ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima a kan ciyar da jama'a, da aminiyarta A'ishatu matar Bello a kan riƙon marayu da gwauraye.

Waɗannan ayyuka, karɓar haihuwa da jiyya da ciyarwa da wankan gawa, su ne waɗanda ba a buga musu tambari, ba a kuwa rubuta su cikin tarihin sarakuna. Da Asma'u ba ta rubuta sunan Zaharatu ba, da yau ba wanda ya san an yi ta. Da alƙalamin da ta yabi Sarkin Musulmi, da shi ta yabi ungozoma. Ko a marsiyyar Bello ma, abin da ta fi tsayawa a kai shi ne ilminsa da adalcinsa da tausayinsa ga talakawa da baƙi.

ƘARSHEN ZAMANINTA DA ABIN DA TA BARI

Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta: Bello, da Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Ta ga ɗanta Abdulƙadir ya zama Waziri a 1842, ta kuma ga rasuwarsa a 1859. Sunanta ya kai har ƙasar Shingiɗi, watau Muritaniya ta yau, ta yi musayar waƙar Larabci da wani malaminsu da ya biyo ta Sakkwato. Ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta. Ta rasu a 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, bayanta kuma wasu matan gidan suka karɓa.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Da suka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina cikin 1930, ba su yi gini bisa wannan tsohon tushe ba, mutane da yawa kuma suka ɗauka ilmin mata baƙon abu ne da ya zo daga Turai. Takardun Asma'u kuwa suna nan ajiye a gidan Waziri. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe su ga wata malama 'yar Ingila, Jean Boyd, wadda ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato. Ta buga tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin rubuce-rubucenta a 1997. Ta wannan hanya duniya ta san ta, har wasu mata Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru.

Tambayar da tarihinta ya amsa ba mu kaɗai ta dama ba. A ƙasashen Turai da Amurka ma an daɗe ana gaya wa mata masu fasaha cewa haihuwa ita ce ƙarshen sana'arsu. A 1969 wata mai fasaha a Amurka, Mierle Ukeles, bayan haihuwarta ta fari ta ga shara da wanki da raino sun cinye mata yini, sai ta rubuta takardar sanarwa cewa daga nan gaba waɗannan ayyuka su ne fasaharta, za ta kuma nuna su a gidajen nune-nune. Tun daga wancan zamani mata da yawa masu aikin bidiyo suna ɗaukar hoton shayarwa da rashin barci da jiyyar tsofaffi, suna nuna wa jama'a don a san aiki ne mai daraja. Abin da su ke yi da kyamara, 'yar Shehu ta yi irinsa da tawada da alƙalamin kara fiye da shekara 100 kafin su.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal wajen mil 60 ne, Kebbe kuma ta fi haka nisa, can wajen iyaka da Zamfara da Kebbi. Tafiyar da dā a ke kwana da kwanaki ana yi a ƙasa, yau mota ta kan yi ta cikin yini ɗaya. Muna da gine-gine da allo da albashi, abubuwan da Asma'u ba ta da su. In duk da haka yarinya ta bar makaranta ran da aka sa mata lalle, ba ta sāke komawa ba har abada, lalle laifin ba na aure ba ne, na tsarinmu ne.

Saboda haka muna kira ga malamai da masu riƙe da sha'anin makarantu su yi koyi da ita a abu uku. A sa ajin manyan mata a lokacin da uwa ta ke iya zuwa, inda kuwa ba ta iya fitowa a nemi dattijuwa mai ilmi ta kai mata har gida. Malama mai goyo kada a jefa ta ƙauyen da ba ta da mai riƙe mata ɗa, sa'an nan a ce mata ba su iya aiki. Ku kuma magidanta, musamman ku da kuka yi karatu, ku tuna Shehu a cikin gidansa ya fara, Giɗaɗo kuma bai ga ƙasƙanci ba don matarsa ta zauna da takarda. In kun rage wa iyalinku wani nauyi na awa ɗaya a yini don su yi karatu, 'ya'yanku ne za su fara cin ribar.

Wanda kuma ya ce karatun 'ya mace ba al'adarmu ba ce, a tambaye shi ko akwai gidan da ya fi gidan Shehu zama tushen al'adar ƙasar nan. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, da Zaharatu, da Halima, da Hauwa'u, da dukan iyayenmu mata da suka yi ɗawainiya da mu ba a rubuta sunansu ba. Allah Ya ba mu ikon biyan 'ya'yansu mata haƙƙinsu, amin.